Begen Gidan da Ba a Taɓa Ginawa Ba: Tarken Ɗorewar Waƙoƙin The Partridge Family

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken waƙoƙin The Partridge Family, ƙungiyar mawaƙa ta iyali wadda wani shirin talabijin na Amurka ya ƙirƙiro a 1970. Manufar ita ce gano dalilin da ya sa waƙoƙin suka ci gaba da samun masu sauraro bayan shekara hamsin, alhali tun farko an yi su ne don kasuwa, kuma masu tarken zamaninsu sun raina su. An ɗora nazarin a kan ra'in Adorno na masana'antar nishaɗi da ra'in Boym na begen baya. Maƙalar ta gano cewa ɗorewar ta tsayu a kan abubuwa uku: gwanintar makaɗan da aka ɓoye sunayensu, da zubin waƙoƙin wanda ya haɗa fargaba da kwanciyar hankali, da kuma hoton iyali mai zaman lafiya da shirin ya sayar a lokacin da Amurka take cikin ruɗani. Ta kuma nuna cewa wannan bege yana rufe wahalar da masu aikin suka sha.

Fitilun Kalmomi: bege, tuna baya, kiɗan zamani, talabijin, tarke

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga Satumba, 1970, tashar ABC ta Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna The Partridge Family. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, sai suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka sayi tsohuwar motar ɗaukar 'yan makaranta suka yi mata fenti, suna yawon wasa gari-gari. Shirin ya yi zango huɗu, kashi 96, ya tsaya a 1974. A ƙa'idar kasuwar talabijin, nan ya kamata zancensa ya ƙare. Sai ga shi waƙoƙin sun rayu bayan shirin. An ambaci fitacciyar waƙarsu, "I Think I Love You", a fim ɗin Four Weddings and a Funeral na 1994, an rera ta a Scream 2 na 1997, kuma a 2010 marubuciyar Birtaniya Allison Pearson ta fitar da littafin ƙagaggen labari mai wannan suna, a kan 'yan matan da suka taso da son jagoran ƙungiyar.

Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: me yake raya waƙar da aka ƙera don ciniki, aka jingina ta ga iyalin da babu shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce tuna baya kawai, wato masu sauraro ƙuruciyarsu suke so, waƙar kuwa sanadi ce. Hausawa ma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ba, domin ɗaruruwan waƙoƙi sun fito a shekarar 1970, yara sun saurare su, kuma yawancinsu sun ɓace. Tilas ne a nemi abin da ya bambanta waɗanda suka tsira.

2.0 Ra'in Bincike

Kalmar da Turawa suke amfani da ita wajen nufin begen baya wani ɗalibin likitanci ne, Johannes Hofer, ya ƙirƙiro ta a 1688, kuma a wurinsa cuta ce da take kama wanda ya yi nisa da gida, irin sojojin hayar Suwizalan. Daga baya ma'anar ta tashi daga kewar wuri ta koma kewar zamani. Svetlana Boym, a littafinta The Future of Nostalgia na 2001, ta raba begen gida biyu. Akwai mai son a sake gina abin da ya wuce kamar yadda yake, yana ɗaukar tunaninsa a matsayin tarihi tsantsa. Akwai kuma mai juya abin a zuciya, yana jin daɗin kewar, alhali ya san hoton da yake riƙe da shi bai cika ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Theodor Adorno, wanda a maƙalarsa ta 1941 a kan kiɗan zamani ya yi hukuncin cewa irin waɗannan waƙoƙi duk zubi ɗaya ne, ana canza musu ado kaɗan don mai saye ya ɗauka sabon abu ya samu. Idan ana neman misalin da zai gaskata Adorno, da wuya a sami wanda ya fi The Partridge Family dacewa. Wannan ne ma ya sa ta cancanci nazari, domin a nan ne za a ga iyakar inda ra'in nasa ya kai.

Masana halayyar ɗan Adam sun ƙara wani haske. Bincikensu ya nuna cewa dattijo ya fi tuna abubuwan da suka same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30. Holbrook da Schindler, a 1989, sun gano cewa son da mutum yake yi wa kiɗa ya fi ƙarfi ga waƙoƙin da suka fito yana wajen shekara 24. Krumhansl da Zupnick kuma, a 2013, sun nuna cewa matasa suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin ƙuruciyar iyayensu, waɗanda suka tashi suna ji a gida. Wannan ya bayyana hanyar da waƙa take bi daga tsara zuwa tsara, amma bai faɗi wace waƙa ce za ta bi hanyar ba.

3.0 Iyalin da Kamfani Ya Haifa

Kamfanin Screen Gems ne ya shirya wasan, Bernard Slade ya tsara labarin. Kamfanin ba baƙo ba ne a wannan sana'a, domin shi ya fito da The Monkees a 1966, ƙungiyar samari huɗu da aka zaɓo don talabijin. An samo tunanin wannan karon ne daga The Cowsills, wani iyali na gaske daga Newport a jihar Rhode Island, uwa da 'ya'yanta, waɗanda waƙoƙinsu biyu suka kai mataki na biyu a jadawalin Billboard a 1967 da 1969. An so a yi shirin da su, maganar ba ta yiwu ba, sai aka ɗauki 'yan wasa.

Shirley Jones, wadda ta riga ta ci kyautar Oscar da fim ɗin Elmer Gantry na 1960, ita ta fito a matsayin uwa. David Cassidy, mai shekara 20, ya fito a matsayin babban ɗa, Keith. Sauran 'ya'yan su ne Susan Dey da Danny Bonaduce da Suzanne Crough da Jeremy Gelbwaks, wanda Brian Forster ya maye gurbinsa daga zango na biyu. Dave Madden ya fito a matsayin manajansu. A cikin wannan iyali na aro, dangantaka ɗaya ce ta gaskiya: Shirley Jones matar mahaifin David Cassidy ce.

Akwai wani abin lura a tarihin jadawalin Billboard na wannan shekara. A ranar 21 ga Nuwamba, 1970, "I Think I Love You" ta hau mataki na ɗaya, ta zauna mako uku. Waƙar da ta ture ita ce "I'll Be There" ta The Jackson 5, 'yan'uwa biyar baƙaƙen fata daga Gary a jihar Indiyana, waɗanda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wato iyalin da aka rubuta a takarda ya karɓi kujerar iyalin jini. A bikin Grammy na 1971 kuma an sa The Partridge Family cikin masu takarar sabon mawaƙin da ya fi fice, kyautar da The Carpenters, wa da ƙanwa, suka ɗauka. Wannan ya nuna cewa a shekarar kasuwa tana da yunwar hoton iyali, kuma ba ta damu da tantance na gaske da na wasa ba.

4.0 Hannayen da Ba a Gani

Cikin mutum shida da suke riƙe da kayan kiɗa a allon talabijin, biyu ne kawai muryarsu take cikin faifan: Cassidy yana jan waƙa, Jones tana cikin 'yan amshi. Sauran motsa baki da hannu kawai suke yi. Wes Farrell ne ya jagoranci ɗaukar waƙoƙin, kamfanin Bell ya fitar da su. Amshin kuwa ƙwararrun mawaƙa ne suka yi, irin su Ron Hicklin da Jackie Ward da 'yan'uwan nan John da Tom Bahler. Kiɗan ya fito ne daga hannun makaɗan haya na Los Angeles waɗanda daga baya aka san su da The Wrecking Crew, ciki har da Hal Blaine a ganguna, da Joe Osborn a jita mai kauri, da Larry Knechtel da Mike Melvoin a fiyano da dangoginsa.

A nan ne hukuncin masu raina waƙoƙin yake fara rauni. Blaine shi ya kaɗa ganguna a kundin Pet Sounds na The Beach Boys. Knechtel shi ya kaɗa fiyanon "Bridge over Troubled Water" ta Simon da Garfunkel, wadda ta fito a wannan shekara ta 1970. Hannayen da suka yi ayyukan da ake koyar da su a matsayin gwaninta su ne dai suka yi waɗanda ake kira shirme. Mai tarken da ya yabi wancan ya kushe wannan saboda "ba su suka kaɗa ba" ya bar sauti ya koma tarken hoton bangon faifai.

Wannan ma'auni na cewa dole mai fuska ya zama shi ne mai murya, ma'auni ne na wani wuri da wani zamani, wato na masu tarken kiɗan rok a Amurka da Ingila. Mai kallon finafinan Indiya ya san Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ne suke rerawa jaruman suna motsa baki, kuma bai taɓa jin an cuce shi ba. Haka abin yake a finafinan Hausa, inda mamin ya zama sananniyar al'ada. Bambancin da yake da muhimmanci shi ne, a Indiya mawaƙin bayan fage yana da suna da daraja, a Los Angeles kuwa an biya makaɗin kuɗin zama an sallame shi. Sai da Denny Tedesco, ɗan makaɗin jita Tommy Tedesco, ya fito da fim ɗin tarihinsu a 2008 sannan jama'a da yawa suka san su. Aibin da yake cikin tsarin shi ne ɓoye mai aiki, kuma wannan aibi bai rage wa aikin inganci ba.

5.0 Zubi da Jigo

Tony Romeo ne ya rubuta "I Think I Love You", kuma tsawonta bai cika minti uku ba. Ta fara da muryoyi marasa kalmomi, tare da sautin hafsikod, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano wanda ya yi tashe a Turai a ƙarni na 17 da na 18. Baitocin suna tafiya ne a kan ma'aunin sauti mai duhu, wanda kunnen Bature yake dangantawa da damuwa. Idan aka iso amshi sai ma'aunin ya buɗe ya koma mai haske. A tsakiya kuma aka bar hafsikod ya yi wasansa shi kaɗai.

Jigon waƙar ya dace da wannan zubi. Mai magana ya farka daga barci da wani tunani da ya tsorata shi, yana son ya ɓoye, bakinsa ya ƙi. Ko a sunan waƙar, soyayyar zato ce, ba a tabbatar da ita ba. Waƙar soyayya ce wadda tsoro ya fi yawa a cikinta, amma kiɗan yana kai mai sauraro tudun mun tsira a kowane amshi. Yarinya mai shekara 12 a 1970 ta sami sunan abin da take ji ba ta iya faɗa. Ita dai wannan yarinya, tana da shekara 60, za ta ji wani abu dabam: muryar lokacin da babbar damuwarta ita ce ko wani zai mayar mata da murmushi. Waƙar tana da ɗaki biyu, mai sauraro yana shiga ɗaya yana yaro, ya koma ɗayan da ya manyanta.

Hafsikod ɗin ma yana da nasa aiki. Tun ranar da waƙar ta fito tana ɗauke da sautin tsohon zamani, saboda haka tsufa bai same ta ba zato ba tsammani. Waƙoƙin da suka dogara ga sabuwar na'urar shekararsu su suka fi saurin zama abin dariya.

Duk da haka, Adorno yana da rabonsa na gaskiya. Ƙungiyar ta fitar da kundi takwas tsakanin 1970 da 1973, kuma wannan gaggawa ta bar tabo. "Doesn't Somebody Want to Be Wanted", wadda ta kai mataki na 6 a 1971, tana da wani sashe da mawaƙin yake magana da baki cikin marairaicewa, sashen da Cassidy kansa ya bayyana cewa ya tsane shi, tilasta masa aka yi. A nan an ga hannun ɗan kasuwa ƙarara, yana matsar hawayen yara. "I'll Meet You Halfway" da "I Woke Up in Love This Morning" sun fi ta nutsuwa, muryar Cassidy mai ɗan kaushi ta ɗauke su. Waƙoƙi da dama a kundayen ƙarshe kuwa cike gurbi ne. Abin da ya tsira daga wannan tari kaɗan ne, kuma kunnen jama'a ne ya yi tankaɗen. Da a ce duk zubi ɗaya ne kamar yadda Adorno ya ce, da babu dalilin da wasu za su rayu wasu su mutu.

6.0 Gidan da Ba a Faɗa

Ba za a fahimci ƙarfin hoton wannan iyali ba sai an dubi shekarar da ya fito. A watan Afrilu na 1970 aka sami labarin watsewar The Beatles. A ranar 4 ga Mayu dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State yayin zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam. Jimi Hendrix ya rasu ranar 18 ga Satumba, mako guda kafin a fara shirin, Janis Joplin ta bi shi ranar 4 ga Oktoba. A gidaje da yawa na Amurka, dogon gashi da jita sun zama alamar ɗan da ya bijire wa ubansa.

Shirin ya ɗauki waɗannan alamomi ya wanke su. Ga dogon gashi, ga jita, ga mota mai launuka irin zanen Mondrian, amma uwa ce take tuƙi, ita ce kuma take cikin ƙungiyar. Kiɗan da yake raba iyaye da 'ya'ya a waje shi yake haɗa su a nan. Uban ma an kawar da shi ta hanyar mutuwa, ba saki ba, saboda haka babu wanda za a yi wa tawaye, babu kuma wanda za a zarga. Shirin yakan taɓo matsalolin zamani, kamar kashin 1971 da Richard Pryor da Louis Gossett Jr. suka fito a matsayin masu gidan rawa a Detroit, amma kowace matsala tana warwarewa cikin rabin sa'a, a rufe da waƙa. Da aka mayar da shi daren Asabar a 1973, ya yi karo da All in the Family na tashar CBS, shirin da yake nuna gida mai cike da gardama, sai masu kallo suka ragu, aka dakatar da shi.

Ke nan abin da mai bege yake kewa a yau bai taɓa faruwa ba ko a 1970. Shirin kansa maganin kewa ne da aka haɗa wa mutanen lokacin. Mai sauraron yau yana begen wani bege ne.

7.0 Abin da Begen Ya Rufe

David Cassidy ya taso yana son kiɗan rok mai zafi irin na Hendrix, sai ya tsinci kansa a jikin akwatunan abincin 'yan makaranta da mujallun 'yan mata. A 1972 ya bari Annie Leibovitz ta ɗauke shi hoto ba tufafi don mujallar Rolling Stone, yunƙurin fasa hoton Keith ne. A ranar 26 ga Mayu, 1974, a filin wasa na White City a Landan, turmutsitsi ya raunata ɗaruruwan masu kallonsa, wata yarinya mai shekara 14 ta rasu bayan 'yan kwanaki. Daga nan ya daɗe bai koma yawon wasa ba. A 2011 ya kai kamfanin Sony ƙara yana neman haƙƙinsa na kayayyakin da aka sayar da fuskarsa. Ya yi fama da shaye-shaye, ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 67. Danny Bonaduce ya sha bayyana dukan da yake sha a gida a lokacin da yake ba duniya dariya. Su ma The Cowsills, a fim ɗin tarihinsu na 2011, sun bayyana irin azabar da mahaifinsu ya gana musu.

A nan rabe-raben Boym yake da amfani. Mai begen da yake cewa a da iyali lafiya lau yake, yana kafa hujja da irin wannan shiri, ya ɗauki talla a matsayin tarihi, kuma ya zalunci yaran da suka biya kuɗin hoton. Wanda kuwa ya san duk wannan, ya kuma saurari waƙar ya ji daɗinta, bai yi laifi ba, sauraronsa ma ya fi zurfi, domin yana jin fargabar da take cikin baitocin da kunne biyu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗorewar waƙoƙin The Partridge Family ta samo asali ne daga haɗuwar gwanintar makaɗa, da zubin da yake karɓar mai sauraro a matakai biyu na rayuwarsa, da hoton gidan da ya sulhunta abin da zamani ya raba. Ra'in Adorno ya bayyana yadda aka ƙera waƙoƙin, amma ya gaza bayyana yadda jama'a suka tace su. Karin maganar bara da bana kuma ta faɗi abin da yake tura mutum baya, ba ta faɗi abin da zai tarar a can ba. Aikin da ya rage wa mai tarke, a wannan kiɗa da duk wani kiɗan tuna baya, guda biyu ne: ya saurari sautin da kansa kafin ya yanke hukunci, sannan ya nemo sunayen waɗanda suka yi aikin ya ambace su, tun daga Hal Blaine da yake bayan ganguna har zuwa Jackie Ward da take cikin amshi.